Shinkafar da ta kwana a kula

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk macen da ta taɓa karɓar taron baƙi a gidanta ta san gaskiyar wannan magana a jikinta. Idan kika bar komai sai ranar, za ki wuni tsakanin murhu da bakin famfo, baƙi su zo su tafi ba ki zauna da kowa ba, gaisuwar ma a tsaitsaye. Shi ya sa nake cikin masu cewa a rage aiki tun jajibiri, kuma har gobe ina nan a kan bakana. Sai dai akwai abincin da ke jure kwana, akwai wanda ba ya jurewa, ni kuwa ban bambance su ba sai da ɗan wata ya kwana a gadon asibiti ta dalilina.

Ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo ranar Laraba, 10 ga Afrilu, a tsakiyar bazara. Wanda ya yi azumin shekarar a Kano ba zai manta ba. Da rana zafi ya haura digiri 40, da dare bango ya riƙa amayar da abin da ya sha, wuta kuma a kawo a ɗauke. A danginmu al'ada ce washegarin Sallah 'ya'yan surukata Hajiya da matansu da jikoki su taru a gidan ɗaya daga cikinsu a wuni, kowace shekara da gidan da ake zuwa. Wannan karon layi ya zo kaina.

Tun cikin goman ƙarshe faccalolina suka kira ni. Babbar ta ce, “Me za mu kawo? Ko mu turo 'yan mata da asuba su kama miki?” Na ce, “Haba Yaya, kada ku wahalar da kanku, ku dai ku zo da yara.” Da fara'a na faɗa, amma abin da ke raina daban ne. So nake a tashi daga wunin nan ana cewa ni kaɗai na yi komai, kuma ga ni a zaune cikin kwalliya ana hira da ni. Tun daga nan na fara kuskure, tun ban ɗora tukunya ba.

Na lissafa waina da miyar taushe saboda manya, soyayyiyar shinkafa da kaji saboda yara da samari, sai cincin da dambun nama, sai zoɓo da kunun aya. Cincin da dambu na gama su tun ana azumi, na rufe a bokitai. Cefane na yo shi a 'Yankaba ana gobe Sallah. Ranar Sallah da dare, bayan ƙafa ta ɗauke, na haɗa ƙullun waina na rufe shi ya tashi. Sai na dubi agogo na ce, tunda ga ni a tsaye, bari in kawar da shinkafar ma, gobe in ɗumama kawai.

Tiya biyu na dafa, na soya da karas da koren wake da hanta. Ta yi kyau ƙwarai, wara-wara. Firij a cike yake da kaji da kayan miya, kuma tun magariba babu wuta. Sai na ɗauko babbar kular nan da ake kai abinci gidan biki, na juye shinkafar tana tururi, na danne murfi. Tunanina shi ne, kula tana riƙe zafi, abin da yake da zafi kuma ba ya lalacewa.

Da hantsi na buɗe. Gumi ya taru a cikin murfin yana ɗiga, shinkafar kuma ta koma ɗumi-ɗumi, in ka sa hannu ba za ka janye ba. Na sunsuna, ƙamshin kori kawai na ji. Na murza tsakanin yatsu, babu yauƙi. Na ɗanɗana cokali guda, lafiya lau. Duk da haka na juye ta a tukunya, na ɗan zuba mai, na juya ta a wuta har ta yi zafin da ba a iya taɓawa. Na ce a raina ko da akwai wani abu, wuta ta cinye shi.

Wuni ya yi daɗi. Na zauna da baƙi kamar yadda na so, aka yi ta sa albarka. Hajiya da manyan mata waina suka ci, yara kuwa suka yi wa shinkafa caa, wasu har da ƙari. Wajen la'asar almajirai suka tsaya a ƙofa suna “Iya ko ɗan ƙanzo,” na cika musu robobinsu da sauran shinkafar, ina jin daɗin na yi sadakar Sallah da abinci mai kyau.

Kafin magariba 'yata ta fara amai. Ina cikin wanke ta waya ta yi ƙara, babbar faccalata ce: yaranta sun fara tun a mota. Kafin isha'i gidaje uku ana fama. Muka yi ta haɗa ruwan gishiri da sukari, lita guda ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, ana ba su kaɗan-kaɗan. Manyan yaran suka samu sauƙi cikin dare. Autan Yaya, wanda bai kai shekara huɗu ba, ko ruwa ya sha sai ya dawo, har ya galabaita, aka kai shi asibiti aka sa masa ƙarin ruwa.

A daren nan kowa ya kawo nasa dalilin. Wani ya ce zafi ne. Wata ta ce alawa da lemon da suka sha a yawon Sallah. Wasu suka ce cikin da ya saba da azumi ne ya ga abinci. Babu wanda ya ambaci shinkafa, domin kowa ya ga an sauke ta daga wuta tana tururi. Ni kaɗai na san ta kwana. Ina zaune ina lissafi a zuci: duk wanda waina kawai ya ci yana nan garau, duk wanda ya kwanta shinkafa ya ci. Na gane, amma na yi shiru. Likita ya tambayi Yaya me yaron ya ci, ta ce shinkafa ce sabuwar dahuwa, domin abin da ta sani ke nan. Wato shirun da na yi ya kai har gaban likita ya ɓatar da shi. Kuskuren kula rashin sani ne. Wannan kuwa da sanina na yi shi, saboda tsoron a ce girkina ya kwantar da jikokin Hajiya, kuma shi ya fi yi min nauyi har yau.

Da asuba na faɗa wa maigidana. Bai ce komai ba sai, “Sa mayafinki mu je.” A asibiti na tarar da Yaya a zaune a bakin gado, idonta ya yi ja don rashin barci, yaron yana kwance da allura a bayan hannu an naɗe da filasta. Na durƙusa na ce, “Yaya, ki yafe min. Shinkafar nan ranar Sallah da dare na dafa ta, a kula ta kwana. Tun jiya na gane, na kasa faɗa.” Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma tashi ki je ki gaya wa likita da bakinki.”

Likitan bai yi faɗa ba. Ya tambayi ƙarfe nawa na dafa, ƙarfe nawa aka ci, ƙarfe nawa aman ya fara, sannan ya ce alamun duka na shinkafar da ta kwana ne. Abin da ya bayyana min a tsaye, da abin da na bi na karanta daga baya, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus. A ƙasa take zaune, don haka tun daga gona take biyo shinkafa da sauran hatsi. Tana da wata dabara: takan dunƙule cikin ƙwanso mai tauri wanda tafasa ba ta fasa shi. Muddin shinkafa na da zafi sosai, ko tana cikin sanyi sosai, ƙwayar ba ta motsi. Da zarar ta huce ta koma ɗumi, sai ta farka ta shiga hayayyafa, adadinta yana ninkawa cikin abin da bai kai awa guda ba, tana zubar da dafi a cikin abincin. Dafin nan shi ne masifar. Wuta tana kashe ƙwayar da ta farka, amma ba ta taɓa dafin da ta riga ta zubar. Ko a zafin digiri 121 na ma'aunin Salshiyas, wanda tukunyar gida ba ta kaiwa, yana nan daram. Ba shi da wari, ba ya sauya ɗanɗano. Yakan sa amai tsakanin rabin awa zuwa awa 6 bayan an ci. Hancina da harshena da murhuna, waɗanda na dogara da su da safen nan, babu wanda zai iya gano shi ko ya kawar da shi.

Ashe ma tsohon labari ne. A Ingila tun 1971 likitoci suka fara danganta irin wannan amai da soyayyiyar shinkafar gidajen abinci, inda ake dafa ta da yawa, a bar ta a waje ta kwana, washegari a soya sama-sama a ba mutane. Abin da na yi ke nan ba ragi. Kula kuwa ƙara dagula lamarin ta yi, domin tana riƙe zafi na 'yan awoyi ne kawai, daga nan sai ta riƙe abincin a ɗumin da ƙwayar ta fi so, har gari ya waye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a fili: dafaffen abinci ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5, kuma kada ya wuce awa 2 a tsakanin nan. Hukumomin abinci na Amurka sun ƙara da cewa idan zafin gari ya wuce digiri 32, awa 1 ce kawai. Mu da muke girki a bazarar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ai mu ake nufi da wannan. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, ta ƙiyasta mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Da na ga wannan adadi na ƙarshe, hannun autan Yaya na tuna.

Bayan an sallamo yaron na je gaida Hajiya, na maimaita mata komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “'Yar nan, da kin tambaye ni. Kin taɓa ganin an sa dafaffiyar shinkafa a gara?”

Tambayar nan ta buɗe min ido fiye da duk abin da na karanta. Iyayenmu sun fi mu sanin girkin ajiya, kuma sun yi shi ba firij ba janareta. Dubi abin da suke kaiwa gara: alkaki, dubulan, nakiya. Dubi guzurin matafiyi: dambun nama, kilishi, ƙuli-ƙuli. Dubi naman layya, yadda ake soya shi har ya bushe ƙayau kafin a adana. Kowanne a cikinsu an raba shi da ruwa ta hanyar suya ko shanya, ko kuma an tsare shi da zuma da sukari da gishiri da yaji. Mai kilishi a Agadasawa yakan yanka naman falle-falle, ya shanya, ya tsoma a labu, ya sake shanyawa, sannan ya gasa; duk wannan wahala ta korar danshi ce. Ƙullun waina kuma dama don ya kwana aka yi shi, tsamin da yake yi yana cikin aikinsa, ga suya tana jiransa a tanda da safe. Shinkafata ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya. Ga danshi, ga hanta, ga kayan lambu, ga ɗumi.

Na san abin da wata za ta ce, domin ni ma na faɗa wa Hajiya: to ai da ɗumame muka girma, me ya same mu? Gaskiya ne, kuma ban zo in hana kowa ɗumamen tuwo ba. Amma a lura da yadda ake yin sa. Malmalar tuwo ƙarama ce, a buɗe take shan iska ta huce da wuri, ba tiya biyu ba ce a dunƙule cikin rufaffiyar kula. Miya kuma Hajiya ta ce a gidansu sai an tafasa ta kafin a kwanta, a rufe, kada wanda ya sake sa ludayi, da asuba a sake tafasawa. Sannan mu faɗi gaskiya, sau nawa yaro ke wayar gari da amai ko gudawa mu ce shawara ce, ko haƙori, ko sanyi, alhali abincin jiya ne? Yawan tsira da muke yi bai mayar da abin halal ga lafiya ba, kuma yara ƙanana da tsofaffi da masu ciki su ne ba sa jurewa.

Ƙatuwar tukunyar miyar nama ma tana da nata haɗarin. Tsakiyarta kan daɗe ba ta huce ba, kuma akwai wata ƙwayar, Clostridium perfringens, da ke son irin wannan wuri. Ita murɗar ciki da gudawa take sawa, awa 6 zuwa 24 bayan an ci. Maganin abin shi ne a rarraba miyar a ƙananan robobi marasa zurfi ta huce da sauri, a sa a sanyi, ranar ci a tafasa ta sosai har tsakiya.

Ban daina rage aiki kafin ranar baƙi ba, tsarin ne ya sauya. Busassun abubuwa, cincin da dambu da yaji da soyayyiyar gyaɗa, ina gama su da wuri hankali kwance. Markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu ina tafasa shi har ruwan ya ƙone, in soya, in raba a robobi in sa a firiza. Zoɓo ina dafa shi ana gobe, amma sukari da abarba sai da safe. Kunun aya ba ya kwana ko kaɗan, ranar ake markaɗa shi a sa masa ƙanƙara. Kabeji da karas ana iya yankawa da wuri, bama kuwa sai za a kai gaban mutane. Game da wuta, abin da na riƙe shi ne firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4 bayan an ɗauke, firiza cikakkiya awa 48, wadda take rabi awa 24. Idan na ga babu tabbas, ƙanƙara nake saya in jera a cikin kular nan dai, in ɗora kaji da markaɗe a kai. Ta fi amfani wajen riƙe sanyi na dare guda fiye da riƙe zafi.

Shinkafa kuwa ana gobe nake tsince ta in auna in ajiye a bushe. Dahuwarta ba ta cin awa guda. Wannan ne ke ƙona min rai in na tuna: don in tsira da abin da bai kai awa ɗaya ba na jefa yaran mutane cikin wancan dare. Kuma ko awar ma ba sai ni na yi ta ba. Yanzu in faccalolina suka ce me za su kawo, faɗa musu nake yi. Wata ta zo da miya da zafinta, wata ta turo 'yan mata su zauna gaban tanda, kuma babu wanda ya taɓa raina wunin saboda hannuwa da yawa ne suka yi shi.

Saura almajirai. Su ba su da wanda zai kira ni a waya. Da na dawo daga asibiti na roƙi maigidana ya raka ni makarantar allon da ke bayan layinmu. Na gaida malam daga nesa, na ce, “Allah gafarta Malam, ko akwai yaran da suka kwana ba lafiya?” Ya ce akwai waɗanda suka yi ta amai cikin dare, an ɗauka zafi ne, an jiƙa musu tsamiya, sun warware. Na faɗa masa daga gidana ne, na nemi gafara, muka kai musu abin da ya sawwaƙa. Ya yi addu'a, ya kuma ce wannan ba shi ne farko ba, kusan duk bayan biki ko Sallah sai an samu haka, sai dai ba a saba ganin mai abincin ya biyo sawu ba.

Ni ban san shinkafar ta gurɓata ba lokacin da na zuba musu. Amma na san gidaje da yawa, har da nawa a da, inda abincin da aka yi shakkarsa ake cewa “a ba almajirai,” wanda ya fara sauyawa a miƙa wa mai gadi ko mai wanki. Cikin almajiri ɗan shekara bakwai bai fi na ɗanki ƙarfi ba, kuma idan ya galabaita cikin dare babu mai ɗaukarsa a mota zuwa asibiti.

Don Allah 'yar'uwa, idan sauran abinci ya rage bayan baƙi, ki bayar da shi nan take tun yana da kyau, kada ki bari sai gobe. Idan kuma shinkafa ce za ki ajiye, ki baza ta a faranti ta huce cikin awa guda, ki sa a firij, a cinye washegari, ɗumamawa sau ɗaya tak. Wadda ta kwana a waje ko a kula a wannan zafin namu, komai ƙamshinta, komai tsadar da kika sayo ta, zubarwa za ki yi. Kada ki ci, kada ki ba ɗan kowa.